James Chadwick, Ɗan Talakan Da Ya Gano Niyutiron

Duk wanda ya zauna ajin fiziks zai tuna yadda muka haddace cewa nauyin firoton ya ninka na ilektiron sau 1,836, shi kuwa niyutiron ya ɗara firoton da kaɗan. Mun rubuta a jarrabawa mun wuce, amma ba mu tambayi wanda ya sha wahalar gano wannan niyutiron ba. Ga tarihinsa a taƙaice.

An haifi James Chadwick ranar 20 ga Oktoba, 1891, a garin Bollington na ƙasar Ingila. Iyayensa talakawa ne, mahaifiyarsa ma aikatau take yi. A 1908 ya shiga Jami'ar Manchester da niyyar karanta lissafi, sai aka yi kuskure aka rubuta shi a fiziks, kunya kuma ta hana shi magana. Da ƙafa yake zuwa makaranta, sau da yawa kuma yakan wuni bai ci abincin rana ba saboda rashin kuɗi. A can ya haɗu da malaminsa, Ernest Rutherford.

A 1913 ya sami tallafin karatu ya tafi Berlin. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Jamusawa suka tsare shi a sansanin Ruhleben har 1918. Ko a tsare bai daina gwaje-gwaje ba, da ɗan abin da hannunsa ya kai gare shi.

A lokacin akwai abin da ya ɗaure wa masana kai. Ƙwayar zarra ta iskar hiliyam firoton biyu gare ta, amma nauyinta ya kai kusan na firoton huɗu. To, ina sauran nauyin ya fito? Tun 1920 Rutherford ya yi hasashen akwai wata ƙwaya marar caji a ɓoye. A farkon 1932 wasu masana biyu a Faransa, Irène Curie da mijinta Joliot, suka ga wani abu yana fita daga ƙarfen beriliyam yana bankaɗe firoton, suka ɗauka wani irin haske ne. Chadwick bai yarda ba, domin ɗan tsako ba ya ture sa. Cikin mako biyu yana aiki dare da rana a Cambridge, ya nuna cewa ƙwaya ce mai nauyi kusan daidai da na firoton. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1935.

Daga baya ya jagoranci masanan Ingila a aikin ƙera bam ɗin nukiliya a Amurka, abin da ya daɗe yana hana shi barci. Ya mutu ranar 24 ga Yuli, 1974. Amfanin aikinsa ya iso har ƙasarmu, domin tun 2004 akwai injin bincike na nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ake amfani da niyutiron wajen gane sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai.

'Yan uwa, tallafin karatu ne ya ɗaga Chadwick. A Safana da Batsari akwai yara masu irin ƙwaƙwalwarsa, waɗanda talauci da rashin tsaro suka raba da aji. Ina roƙon ƙungiyarmu, a taro mai zuwa, ta ware wani abu don ɗaukar nauyin ko da ɗalibi ɗaya mai son kimiyya.