Alhaji Abubakar Imam, Mai Labarin Aku da Aljanu

Yawancinmu muna son finafinan tsafi da aljanu, irin na Indiya da na Turawa, har wasu suna cewa mu Hausawa ba mu da irinsu. Shi ya sa a wannan mako muka kawo muku tarihin mutumin da ya rubuta irin waɗannan labarai da Hausa tun kakanninmu suna yara.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, daga nan ya zama malami a Midil ta Katsina. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Imam ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Labarin wani mutum ne da ya bar gida don neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya sha fama da Malam Zurƙe, har ya shiga duniyar aljanu. Yayansa Bello Kagara ma ya shiga gasar da Ganɗoki, haka kuma mutumin ƙasar Kano, Muhammadu Gwarzo, da Idon Matambayi.

Bayan haka aka kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A ciki akwai aku mai wayo da yake ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa hannun maƙiya. Daga baya gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran wasan kwaikwayo. A 1939 Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, don haka mu 'yan kulob ɗin jarida kakanmu ne. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

Wani abu da ya kamata mu sani shi ne, da yawa daga labaransa ya aro su ne daga littattafan Larabawa da na Turawa, irin su Dare Dubu da Ɗaya. Amma bai kwafe su yadda suke ba. Ya sa musu sunayenmu da sarautunmu da karin maganarmu, har mai karatu ya ɗauka a unguwarsu abin ya faru. Da wannan ma'auni za mu riƙa duba duk fim ɗin Hausa da aka ce an ɗauko daga Indiya: shin an mayar da shi namu, ko tufafi kawai aka canza?

Wanda bai taɓa karanta littattafan nan ba ya tambayi malamin Hausa, ko ya leƙa wajen masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, amin.