John Snow, likitan da ya bi sawun kwalara

Mu mutanen Madekali mun san ruwa. Kogin Isa yana kusa da mu, a cikinsa ake su, da shi ake ban ruwan shinkafa. Mun kuma san kwalara, ciwon amai da zawo mai kayar da ƙato cikin yini guda. Yau ko ɗan aji uku ya san ruwa marar tsabta ke kawo ta. A da kuwa, ko manyan likitocin Turai ba su sani ba. Ga labarin mutumin da ya nuna musu.

An haifi John Snow ran 15 ga watan Maris na 1813 a garin Yok, cikin ƙasar Ingila. Shi ne ɗan fari cikin ƴaƴa tara. Ubansa lebura ne, gidansu kuma yana unguwar talakawa a bakin kogi. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon aikin magani wurin wani likita a Niyukasil. A 1832 kwalara ta faɗa wa masu haƙar kwal na wani ƙauye, maigidansa ya aike shi ya duba su. Can ya fara ganin yadda take kwasar mutane.

A 1836 ya tafi Landan, babban birnin ƙasar, ya ci gaba da karatu har ya zama cikakken likita. Ya gwanance wajen ba da maganin da ke sa barci a lokacin tiyata. Shi aka kira ya ba Sarauniya Biktoriya wannan magani a haihuwarta ta 1853 da ta 1857. Amma zancen kwalara bai fita ransa ba.

Likitocin zamanin sun ɗauka iska mai wari ce ke kawo ta. Snow bai yarda ba. A ganinsa, in da shaƙarta ake yi, da ƙirji za ta fara kamawa. Ga shi kuwa ciki take kamawa, ke nan haɗiye ta ake yi. Ya rubuta haka a wani ɗan littafi a 1849, amma kaɗan ne suka saurare shi.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 cutar ta ɓarke a unguwar Soho. Cikin kwana goma mutum sama da 500 suka mutu. Snow ya bi gida gida, ya gano yawancinsu ruwan famfo ɗaya suke sha, na titin Broad Street. Ya roƙi hukuma, ran 8 ga Satumba aka cire hannun famfon, mutuwa kuma ta yi sauƙi. Wannan labari ne aka fi ba yara, amma shi kaɗai bai isa hujja ba. Kafin a taɓa famfon, cutar ta riga ta fara ja da baya, don mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Snow da kansa ya rubuta haka. To, yaya za a rarrabe aikin famfo da aikin gudu?

Amsar tana kudancin birnin. Kamfanoni biyu ke sayar da ruwa a can: kamfanin Lambeth da kamfanin Southwark da Vauxhall. A annobar 1849 dukansu cikin gari suke ɗiban ruwan kogin Tems, inda magudanan bayan gida ke zuba. A 1852 Lambeth ya mai da wurin ɗibansa can sama da gari, inda ƙazantar Landan ba ta kai ba. Ɗayan ya tsaya inda yake. Sai ga annoba ta sake dawowa.

Snow ya ɗauko lissafin mamata, ya jera shekarun biyu. A unguwannin da ruwan Southwark kaɗai ake sha, mutum 2261 suka mutu a 1849, a 1854 kuma 2458. A unguwannin da ruwan Lambeth ke shiga tare da na Southwark, 3905 suka mutu a 1849, a 1854 kuma 2547. Ku ɗauki alli ku ɗebe. Can mutuwa ta ƙaru da 197, nan ta ragu da 1358. Gari ɗaya ne, shekara ɗaya, iska ɗaya. Da a ce annobar 1854 ce ta zo da sauƙi, da an ga sauƙin ko'ina. Unguwannin farko sun nuna abin da zai sami na biyu da ba a sauya musu ruwa ba.

Mu kawo misali gida. A ce an haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye kusa da Malanbil, bayan wata shida zawon yara ya ragu. Rijiya ce ta yi aiki, ko kuwa damina ce ta wuce? Sai an leƙa ƙauyen maƙwabta da bai samu rijiya ba. In can ma zawo ya ragu daidai da nan, rani ne ya yi aiki. In nan ya fi raguwa, wannan ratar ita ce rabon rijiya. Sai dai dole ƙauyukan su yi kama da juna, kada a gwada na bakin kogi da na kan tudu.

Snow ya san da wannan sharaɗi. Shi ya sa ya koma titunan da bututun kamfanonin biyu ke bi tare, wannan gida na shan ruwan Lambeth, na kusa da shi na shan na Southwark. Ya shiga gidajen da aka yi rashi yana tambaya. Masu haya da yawa ba su san wa ke ba su ruwa ba. Sai ya riƙa ɗiban ruwan cikin ƴar kwalba yana auna gishirinsa, don na Southwark ya fi gishiri nesa ba kusa ba. A makonni bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10000 masu shan ruwan Southwark an yi mutuwa 315. Na Lambeth kuwa 37.

Ya buga wannan duka a 1855. Duk da haka hukumar lafiya ta tsaya kan zancen iska, har aka mayar wa famfon Broad Street hannunsa. Snow bai yi aure ba, bai kuma yi tsawon rai ba. Shanyewar jiki ta kama shi yana cikin rubutu, ya rasu ran 16 ga Yuni na 1858, yana da shekara 45. Sai a 1884 likita Robert Koch na Jamus ya tabbatar wa duniya ƙwayar cutar, bayan bincikensa a Masar da Indiya. Masana tattalin arziki da na ilimi suna amfani da dabarar Snow in suna son sanin ko wata sabuwar doka ta yi amfani: rukuni biyu, kowanne a auna shi kafin doka da bayanta.