Alhassan Ɗantata: Daga Bauta Zuwa Majalisar Sarki

Dattawanmu da suka ga dalar gyaɗa a Kano sun san sunan marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, amma kaɗan daga cikinmu suka san inda ya faro.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar fatake Agalawa. Yana yaro mahaifinsa ya rasu. A Basasar Kano da ta ɓarke a 1893 aka kama shi bawa, sai da ya fanshi kansa, sannan ya shiga fataucin goro.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi wakili. Turawa su ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya raba wa yaransa su shiga ƙauyuka. Amana ita ce jarinsa. A 1929 ya kai wa banki ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20.

Daga baya ya shiga majalisar Sarkin Kano, ya kuma mara wa jam'iyyar NPC baya. Ya rasu a 1955.

Mu da muke kukan rashin jari, mu tuna cewa amanarsa ta riga dukiyarsa zuwa.