Charles Pahud de Mortanges: Sojan da ya yi fice a gasar dawaki ta kwana uku

A tarihin wasannin Olympics, mahayin da ya fara lashe lambar zinariya sau biyu a jere a gasar dawaki ta kwana uku shi ne Charles Pahud de Mortanges, wani hafsan sojan doki ɗan ƙasar Holan.

An haife shi a birnin Hague ranar 13 ga watan Mayun 1896, kuma tun yana matashi ya shiga rundunar sojan doki ta ƙasarsa.

Jarrabawar dokin yaƙi

Ita dai wannan gasa, wadda aka shigar cikin wasannin Olympics a 1912, asalinta jarrabawa ce ta dokin yaƙi, kuma a zamaninsa hafsoshin soja ne ke yin ta.

Da farko akan gwada ladabin doki da yadda yake bin linzami. Daga nan sai doguwar tafiya da sukuwa a dawa, ana ƙetare shingaye da ramuka da ruwa. A ranar ƙarshe kuma a koma fili a tsallake shingaye, domin a ga ko dokin da ya sha wuya jiya yana da sauran ƙarfi.

A gasar birnin Paris ta 1924, Pahud de Mortanges ya zo na huɗu a kan dokinsa Johnny Walker, amma shi da abokansa suka ci wa Holan zinariya ta ƙungiya.

Shi da Marcroix

Tauraronsa ya haska ne bayan da ya samu wani doki mai suna Marcroix. A 1928, a gaban mutanen ƙasarsa a Amsterdam, ya lashe zinariya biyu: tasa ta kansa da kuma ta ƙungiya.

Shekaru huɗu bayan haka, tattalin arzikin duniya ya karye, ƙasashe da dama suka kasa kai dawakinsu Los Angeles. Mutanen Holan sun yi makonni a jirgin ruwa, suka ratsa mashigin Panama da dawakinsu.

Duk da haka Marcroix bai ba shi kunya ba. Ya sake cin zinariya, inda ya sha gaban Earl Thomson na Amurka, ƙungiyarsa kuma ta samu azurfa. Gasar ta yi tsanani har ƙungiyoyi biyu kaɗai suka kammala, ba a ma ba da lambar tagulla ba.

Sai bayan shekara 56 aka samu wanda ya kamo shi, wato Mark Todd na New Zealand, wanda ya yi nasara a 1984 da 1988.

Fursunan yaƙi

Ya je gasar Berlin a 1936 amma bai samu komai ba, sannan wani hatsari da ya yi a 1938 ya lahanta masa hannu.

Jamus ta mamaye Holan a 1940, kuma a 1942 aka kama shi tare da sauran hafsoshi a matsayin fursunan yaƙi. A shekarar da ta biyo baya ya yi tsalle daga jirgin ƙasa ya tsere, yana da shekara 47 a duniya.

Ya bi ta Faransa da Sifen da Gibraltar har ya isa Ingila. Maimakon ya huta, sai ya shiga rundunar sojan Holan da ke gudun hijira, wadda ta sauka a Normandy cikin watan Agustan 1944.

Bayan yaƙi ya shugabanci kwamitin Olympics na Holan har sau biyu, ya kuma zauna a kwamitin Olympics na duniya daga 1946 zuwa 1964. Ya kai muƙamin laftanar janar, ya kuma riƙe shugabancin dogaran fadar Sarauniya Juliana.

Ya rasu a 1971 yana da shekara 74. A lokacin tankokin yaƙi sun daɗe da maye gurbin sojan doki, gasar kuma ta koma hannun farar hula, maza da mata.