Sarkin Katsina Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarauta a Maraɗi

Ɗan Kasawa ɗan sarki ne daga tsohon gidan sarautar Katsina, ɗan Sarki Agwaragi. Ya tashi a zamanin da Birnin Katsina ke cikin ganiyarsa ta ciniki da malanta, sai dai sarauta ba ta zo masa cikin wannan daula ba.

A shekarar 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin, Malam Ummarun Dallaji ya zama mai iko da shi. Sarki Magajin Halidu ya fita da jama'arsa zuwa Ɗankama. Can ma yaƙi ya tarar da su, aka ci su da yaƙi. Baƙin ciki ya rinjayi sarkin har ya faɗa rijiya, ya rasu. A wannan hali na tashin hankali ne manyan fada suka naɗa Ɗan Kasawa, ba birni, ba ganuwa, ba taska, sai ragowar dawaki da mutanen da suka gaji.

Bai yi gaggawar neman fansa ba. Ya ja jama'arsa gabas zuwa ƙasar Damagaram, ya zauna a Gafai kimanin shekara 10 yana baƙo a ƙasar wani. Duk tsawon wannan zama bai bar sunan Sarkin Katsina ya faɗi ba, bai kuma bar fada ta watse ba. Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi suka ci gaba da riƙe muƙamansu tamkar suna gida. Da haka masu gudun hijira suka san cewa ƙasa aka ƙwace musu, tsarin sarautarsu yana nan daram.

Wajen 1819 mutanen kwarin Gulbin Maraɗi suka yi wa wakilin Fulani tawaye, suka kira shi. Ya zo, ya kafa fadarsa a Maraɗi, ya tara waɗanda yaƙi ya warwatsa. Ya rasu wajen 1830 bai sake shiga Birnin Katsina ba, Rauda ya gaje shi.

Burinsa na komawa gida bai cika ba, amma sarautar da ya riƙe a ranar wuya ita ce ke nan a Maraɗi har yau, da sunanta na asali. Mahaƙurci mawadaci. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.