Tarihin Eric Frank Russell a Taƙaice

An haifi marubuci Eric Frank Russell a Ingila a shekarar 1905. A watan Maris na 1939 mujallar Unknown ta Amurka ta buga ƙagaggen labarinsa, Sinister Barrier. A cikinsa wasu halittu da ido ba ya gani suna kiwon 'yan Adam tamkar shanu, ba da saninsu ba. Su ke hura wutar yaƙi, domin tsoro da fushin mutane ne abincinsu. Bayan wata shida Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Russell ya shiga sojan sama. Ya ci lambar yabo ta Hugo a 1955, ya mutu a 1978. Tambayarsa tana nan har yau: idan talakawa suna faɗa, wa ke ƙoshi?