Pablo Casals

Pablo Casals, wanda mutanen yankinsa na Kataloniya ke kira Pau Casals (an haife shi a ranar 29 ga watan Disamba, 1876, ya mutu a ranar 22 ga watan Oktoba, 1973), makaɗi ne ɗan ƙasar Sifaniya, jagoran ƙungiyar makaɗa kuma mai tsara kiɗa. Ya yi fice wajen kaɗa celo, wato babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ana ɗaukarsa ɗaya daga cikin manyan makaɗan ƙarni na 20. An san shi da yin bita kowace rana tun yana yaro har ya haura shekara 90, da kuma ƙin amincewa da mulkin Janar Franco, abin da ya sa ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira.

Farkon rayuwa

An haifi Casals a garin El Vendrell da ke lardin Tarragona. Mahaifinsa, Carles Casals, shi ne mai kaɗa ogan a cocin garin, shi ne kuma malaminsa na farko. Mahaifiyarsa, Pilar Defilló, haifaffiyar Mayagüez ce a tsibirin Puerto Rico. Tun yana ƙarami ya fara koyon fiyano da sarewa da ƙaramin gogen Turawa. Wata rana ya ga wasu makaɗa masu yawo gari-gari da wani abin kiɗa mai kama da celo, ya matsa wa mahaifinsa har aka haɗa masa irinsa da duma. Sai da ya kai shekara 11 ya ji sautin celo na ainihi.

Mahaifinsa ya fi son ya koyi sana'ar kafinta, domin ya san kiɗa bai cika riƙe gida ba. Mahaifiyar ta ƙi yarda. A shekarar 1888 ta kai shi Barcelona, ya shiga makarantar kiɗa ta birnin, inda Josep Garcia ya koya masa celo. Da dare yakan yi kiɗa a wani gidan shan gahawa mai suna Café Tost don ya sami na kashewa.

Kiɗan Bach da bitar kullum

A shekarar 1890, yana da shekara 13, ya shiga wani shagon tsofaffin takardun kiɗa a Barcelona tare da mahaifinsa. A nan ya ci karo da jerin kiɗe-kiɗe shida da Johann Sebastian Bach ya rubuta domin celo shi kaɗai, ba tare da rakiyar wani abin kiɗa ba. A wancan zamani makaɗa na ɗaukarsu a matsayin atisayen koyo kawai, ba kasafai ake kaɗa ɗaya cikakke a gaban jama'a ba. Casals ya kai su gida, ya shafe kimanin shekara 12 yana bitarsu kullum kafin ya yarda ya kaɗa ɗaya daga cikinsu a dandali.

Wannan dogon haƙuri ya zame masa ɗabi'a. A littafin tarihin rayuwarsa, Joys and Sorrows, wanda ya fito a 1970, ya bayyana cewa kusan shekara 80 yana fara ranarsa iri ɗaya: ya zauna gaban fiyano ya kaɗa guda biyu daga cikin kiɗe-kiɗen Bach 48 na fiyano. Bai ɗauki wannan a matsayin aikin dole ba, yana ganinsa kamar sa wa gida albarka. Bayan haka sai ya ɗauki celo. A shekarunsa na baya ya raba jerin nan shida a kan ranakun mako, na farko ranar Litinin, na biyu Talata, haka har na shida, wanda ya fi wuya, da yakan kaɗa Asabar ya maimaita Lahadi. Tsarin ya rage masa shawarar me zai yi yau, kuma babu wani daga cikin shidan da zai kwana bakwai bai taɓa shi ba.

Bitarsa ba maimaici kawai ba ce. Tun yana ɗalibi ya lura cewa yadda ake koyar da celo yana ɗaure jiki, domin akan sa yaro ya matse littafi a hammata don kada hannun da ke riƙe da bakan gogawa ya ɗaga. A gida sai ya riƙa sakin kafaɗa da gwiwar hannu, ya kuma sauya yadda yatsun hagu ke miƙewa a kan tsirkiya domin hannu ya rage zirga-zirga. Yawancin masu koyon celo a yau suna bin waɗannan gyare-gyare ko da ba su san daga ina suka fito ba. Duk da wannan shiri, fargabar hawa dandali ba ta taɓa rabuwa da shi ba har tsufansa.

Shahara

Mai tsara kiɗa Isaac Albéniz ya ji kiɗansa ya ba shi takarda zuwa fadar Sarauniya María Cristina, wadda ta ɗauki nauyin karatunsa a Madrid daga 1893. Daga nan ya je Brussels da Paris, inda ya sha wuya ya koma Barcelona yana koyarwa. A 1899 ya yi wa Sarauniya Victoria ta Ingila kiɗa, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya fito a Paris tare da ƙungiyar Charles Lamoureux, daga nan sunansa ya bazu.

A rangadinsa na farko a Amurka wani dutse ya faɗo masa a hannun hagu lokacin da yake hawan tsaunin Tamalpais a California. Daga baya ya faɗi cewa abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne sauƙi, wai ya huta da celo. Bayan watanni na jinya hannun ya warke, ya koma bita. A 1904 ya yi kiɗa a fadar White House a gaban Shugaba Theodore Roosevelt, a 1905 ya haɗa ƙungiyar mutum uku da Alfred Cortot da Jacques Thibaud. A 1920 ƙungiyar makaɗa da ya kafa a Barcelona da kuɗinsa ta fara wasa, sannan a 1926 ya kafa wata ƙungiya da ke ba ma'aikata damar sauraron kiɗa a kan kuɗi kaɗan. Tsakanin 1936 da 1939 ya naɗi jerin Bach shida a faifai, kusan shekara 50 bayan ya same su.

Gudun hijira

Casals ya daina wasa a Jamus bayan hawan Hitler a 1933. A yaƙin basasar Sifaniya ya goyi bayan gwamnatin jamhuriya. Da Franco ya yi nasara a 1939, sai ya koma garin Prades a kudancin Faransa, kusa da iyaka, inda ya riƙa tara taimako ga 'yan ƙasarsa da ke sansanonin 'yan gudun hijira. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ya ga ƙasashen da suka yi nasara sun bar Franco a kan mulki, sai ya daina wasa a bainar jama'a. Shekarun nan ba shi da dandali, amma bai fasa bitar safe ba, yana kuma koyar da ɗaliban da ke zuwa wurinsa. Saboda haka lokacin da makaɗi Alexander Schneider ya shawo kansa aka shirya bikin cikar Bach shekara 200 da mutuwa a Prades a 1950, hannunsa bai mutu ba, yana da shekara 73.

Shekarun ƙarshe da mutuwa

A 1956 ya koma Puerto Rico, ƙasar haihuwar mahaifiyarsa. A 1957 aka fara bikin kiɗa mai ɗauke da sunansa a can. A shekarar ce ciwon zuciya ya kama shi ana tsakiyar gwaji, a cikinta kuma ya auri ɗalibarsa Marta Montañez, bayan rabuwarsa da matarsa Susan Metcalfe wadda ya aura a 1914. Da ya murmure ya koma ga celo. Ya yi kiɗa a White House a ranar 13 ga Nuwamba, 1961 bisa gayyatar Shugaba Kennedy. A ranar 24 ga Oktoba, 1971 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, U Thant, ya ba shi lambar zaman lafiya, inda ya kaɗa tsohuwar waƙar Kataloniya ta tsuntsaye yana da shekara 94.

Ya mutu a San Juan yana da shekara 96, shekara biyu kafin mutuwar Franco. A 1979 aka mayar da gawarsa El Vendrell aka binne. Gidansa na bakin teku a Sant Salvador ya zama gidan tarihi.